Miyar da Ya Bari a Faranti

"Zo ki ga abin da saurayin naki ya yi mini!"

Ilaria ta shigo kicin da sauri. Kakarta, Nonna Assunta, na tsaye bakin murhu riƙe da faranti kamar ta kama ɓarawo.

"Nonna, me kuma ya faru?"

"Dubi!"

Taliya kam an cinye ta tas. Amma miyar zomon da tsohuwar ta tashi tun asuba tana dafawa, ga ta nan kwance jajir a gindin farantin. Burodin da aka ajiye masa ko gutsura bai yi ba.

Ilaria ta runtse ido. Wayyo Tiziano...

A garinsu na kan tudu a ƙasar Italiya, ko ƙaramin yaro ya san idan ka gama cin taliya sai ka yagi burodi ka suɗe faranti har ya yi ƙyalli. Scarpetta suke ce masa, shi ne godiyar mai girki. Wanda ya bar miya kuwa, cewa ya yi abincin bai yi ba. Kuma sai yau, ranar da aka zaunar da Tiziano a teburin gida don ya nemi aurenta!

Mahaifinta Gualtiero ya leƙo yana goge gashin baki.

"Ai na gaya miki, ɗan Milano ne. Mutanen da ke cin abinci a tsaye suna kallon agogo! Keke dai ya iya, baƙinmu na yabon sa. Amma jagoran baƙi daban, suruki daban."

"Haba Babbo! A kan miya?"

"A kan miya?" Nonna ta dafe ƙirji. "Kakanki a kan miyar nan ya aure ni! Wanda ya raina tukunyata ba zai ɗauki jikata ba. Na gama magana."

A otal ɗin nan nasu, daga ɗakunan baƙi har rumfar kekuna, idan Nonna ta ce ta gama magana an gama ke nan. Ga shi lokacin zuwan baƙi 'yan yawon buɗe ido ya zo ƙarshe. In ba a amsa masa ba, Tiziano zai tattara ya koma Milano.

Ilaria ta yar da tawul, ta fita a fusace. Sai ta ji dalilinsa daga bakinsa!

Ta san da yamma zai kai baƙi gonakin zaitun. Ta finciko keke ta gangara ta lungunan dutse, tsofaffin da ke zaune bakin coci suna ɗaga mata murya ta yi a hankali. A tsohuwar ƙofar gari ta cim ma ayarin. Sai dai ba Tiziano ne a gaba ba. Ettore ne, mai gyara musu kekuna, wanda ya nace mata tun suna makaranta. Shi ma ya ci abincin ranar tare da su, ya suɗe farantinsa har da tanɗe baki.

"Ina Tiziano?"

"A'a, sarauniyar tudu da kanta!" Ya washe baki. "Mutumin naki ya ce ba ya jin ƙarfi, in riƙe masa baƙi. Ni dai na ga ya nufi ɗaki... wataƙila jaka yake haɗawa."

"Ƙarya kake!"

"Ilaria, ki auri ɗan gida mana. Kin ga farantina ɗazu? Ko wanki ba ya buƙata."

"To ka auri farantin!"

Ta juya keke. Hawan tudun nan da ta saba yi tana waƙa, yau ji ta yi kamar ba zai ƙare ba. Idan ya tafi fa? Ko sallama babu? Hawaye da gumi suka haɗu a fuskarta.

Tana jingine keken a tsakar gida ta ji ihu daga kicin.

"Ɓarawo! Gualtiero, ɓarawo!"

Da gudu ta faɗa ciki, mahaifinta na biye da ita da tsintsiya.

Sai suka yi turus.

Tiziano ne durƙushe bayan murhu, rungume da tukunyar miya, rabin burodi a hannunsa. Hancinsa ja, haɓarsa ja, farar rigarsa ta fita kunya duk ta ɓaci. Nonna na tsaye a kansa da ludayi.

"Ki yi mini rai, Nonna!" ya ce, baki cike. "Na yi iya ƙoƙarina, na kasa! Tun da na tashi daga tebur miyar nan ke kira na. Ƙafafuna ma sun ƙi taka keke..."

Nonna ta sauke ludayin kaɗan.

"To me ya hana ka suɗe farantinka kamar ɗan mutane?"

"Ai an ce kin tsani abin! Ettore ya ja ni gefe da safe, ya ce kin taɓa korar wani mai neman aure a kan haka, wai ya yi miki cin karnuka. Ya ce shi kaɗai kike ɗaga wa ƙafa don a gabanki ya girma. A Milano ma uwata bugun hannuna take yi in na yi a gaban baƙi, shi ya sa na yarda. Ina kallon miyar nan, zuciyata na kuka!"



Ilaria ce ta fara fashewa da dariya, har da riƙe ciki. Ta durƙusa kusa da shi tana goge masa hanci da gefen rigarta.

"Sakaran masoyina... na zaci ka tafi ka bar ni."

"In tafi ina, hasken idona? Ke kina nan, tukunya tana nan!"

"Wa ka fi so a cikinmu?"

"Ki bari in haɗiye tukuna."

Gualtiero ya karɓi tukunyar ya leƙa. Gindinta sai ƙyalli yake.

"Mama, shekara nawa ina gidan nan, ban taɓa ganin gindin tukunyar nan ba sai yau."

Ana haka Ettore ya shigo yana fito, ya dawo da baƙi. Yana ganin fuskar Nonna fiton ya maƙale.

"Ettore ɗana," ta ce da murya mai zaƙi, "zo nan ka gaya mini sunan wanda na kora."

Bai tsaya ba. Ludayin ya same shi a ƙeya daidai bakin ƙofa, baƙin da ke tsakar gida suka hau tafi, sun ɗauka wasan gargajiya ne.

Nonna ta dawo tana haki. Ta kama kumatun Tiziano ta juya shi hagu da dama, ta taɓe baki.

"Dubi wuya kamar na zakara! Ilaria, ɗora ruwan taliya."

"Yanzu, Nonna? Bai daɗe da cin abinci ba fa!"

"Na ce ki ɗora! Bikin nan bayan tsinkar zaitun za a yi shi, kuma ba zan shiga coci da ango ƙashi da rai ba, mutanen gari su ce ban iya kiwon suruki ba."