Kwano Na Tara

Ni dai an zalunce ni. Shekara ashirin ina tsokanar mutane a ɗakin binciken nan ana yarda, ranar da na zo da gaskiya kowa ya ce, "Baban Gayu ya fara."

Aikina ciyar da 'yan tsiron hanta ne. Akwai jariran da ake haifa hanyar matsarmamarsu a toshe, ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura. Wurin tiyata Likita takan ɗebo ɗan mitsitsin nama, mu raine shi a kwanon gilashi cikin akwatin ɗumi har ya tsiro kamar ƙwan kifi, a gwada magani a kansa. Duk kwana biyu ake sake masa ruwan abinci. Sabon ruwa ja-ja ne; in ya salance sai ya koma rawaya.

Kwano na tara na wata jaririya ne da ta koma tun ba ta kai wata huɗu ba. Namanta ke nan da ya rage mana. Da uwar za ta sa hannu, cewa ta yi, "A kula da ita, ko ta yi wa 'ya'yan wasu rana."

Ranar Asabar na sa alama a takarda cewa na ciyar. Ban ciyar ba. Rinin gemu na tafi. Laifi ne mutum ya yi kyau?

Lahadi da magariba na lallaɓo in gyara ɓarnata. Benen da muke aiki tsit, sai gurnanin firji. Na buɗe ƙofa da makullina. Maimakon warin maganin wanke hannu, ƙamshin hodar jarirai ya tare ni.

Akwatin a buɗe. Wata mace zaune a kujerata, ta ba ni baya, tana jijjiga wani abu a cinya.

Sai na ji tsotso. A hankali. A hankali.

"Baiwar Allah," na ce. 

"Yi shiru, tana sha." Ba ta waiwayo ba. "Tun jiya take kuka. Mu da ke ƙarƙashin benen nan ba mu runtsa ba."

"Mantuwa ce…"

"Gemun ya yi kyau."

Kanta ya soma juyowa. Kafaɗun ba su motsa ba.

Ban jira fuskar ba. Takalmina ɗaya, mai tsadar nan, can na baro shi.

Litinin da safe ruwan kwano na tara ja-ja, tsiron sun yi ɓulɓul. Takalmina kuwa an ɗora shi a kan takarda, daidai kan alamar ƙaryata.

Likita ta leƙa madubin bincike ta ɗago. "Baban Gayu, hannunka akwai albarka. Zan gaya wa uwar wanda ke kula mata da 'ya."

"Ba ni ba ne, Likita," na ce.

Aka fashe da dariya.

Washegari uwar ta zo. Ta durƙusa har ƙasa tana sa mini albarka. Ni da ko ba a yabe ni ba nake yabon kaina, na rasa inda zan sa idona.

Yanzu da sallama nake buɗe akwatin, da na tara nake farawa. Gemun kuwa, ku zo ku gani: fari fat.