Sunan Aro

Ranar da Aminullahi ya fara ganin Sharifa, hannunsa duk baƙin mai ne, ga shi kuma ta miƙo masa farar takarda da biro, wai ya rubuta sunan da yake so a sa wa shafinsa na intanet. Ya dubi hannun, ya dubi takardar, ya goge a wando, abin ya ƙara lalacewa. Ita kuwa ta kawar da kai kada ya ga tana dariya, amma kafaɗunta sun tona mata asiri.

Shagon kwamfuta ne a unguwar Gesse, inda take gina wa 'yan kasuwa shafuka tun da ta gama karatu. 'Yar Argungu ce, tana zaune wajen gwaggonta a Birnin Kebbi. Shi kuma gareji gare shi da shagon kayan gyaran mota, gadon mahaifinsa, yana so masu motoci daga Augie har Yawuri su riƙa ganin kayansa a waya suna oda.

Ya rubuta: Bantera Kebbi.

Bantera wata mota ce ta ƙasar waje, mai jure wahala, irin wadda ake labta wa buhunan albasa ta bi hanyar fadama ba gardama. Marigayi mahaifin Aminullahi ya ƙware a gyaranta har mutane suka bar kiransa da sunan yanka, sai dai Bantera. Haka muke a nan, mutum ya daɗe a kan sana'a sai sana'ar ta cinye sunansa. Da ya rasu, sunan ya faɗo kan ɗansa tare da sifana da jak. Ka je tasha ka ce kana neman Aminullahi, za a tsaya tunani. Ka ce Aminu Bantera, nan take a nuna maka shi da baki.

Sharifa ta karanta, ta ajiye biron. Ta yi masa bayani a natse cewa sunan nan yana da masu shi, kamfanin motar ya yi masa rajista. Babu laifi ya rubuta a cikin shafin cewa yana sayar da kayan Bantera, amma idan adireshin kansa ya zama Bantera, duk wanda ya gani zai ɗauka wakilin kamfanin ne. Ranar da suka farga za su iya ƙwace adireshin, su kuma kai shi ƙara.

"Malama, sunan babana na," in ji shi. "Tun ba a haihe ki ba aka kiranai da shi. Wa ka cewa ba nawa na ba?"

"Masu motar," ta ce. "Su sunka raɗa mata shi tun ba ta iso Kabi ba."

Ta ƙi yin aikin. Ya fita babu shafi, amma da lambar wayarta, wai ko zai sake shawara. Bai sake ba. Abin da ya yi shi ne ya turo saƙo da yamma.

"Assalamu alaikum Hajiyar kwamfuta. Ni na, mai baƙin hannu. Na wanke shi da sabulu da toka, in kin yarda gobe in kawo ki duba."

Sai da ta ja masa rai kafin ta amsa.

"Wa alaikumus salam Injiniya. Hannun na yarda da shi tun daga nan. Sunan na ban yarda da shi ba."

Daga nan abin ya kankama. Bayan la'asar sai ka gan shi ƙofar gidan gwaggo, ya sha wanka, ƙamshin turare na kokawa da na gas. Ya gyara janaretan gidan, ya gyara keken ɗinki, har gwaggo ta fara ajiye masa fura. In Sharifa ta je gida ta dawo, sai ta zo masa da busasshen kifi ta ce na mahaifiyarsa ne, kada ya taɓa. Yana sonta so na gaskiya, ita ma haka, kuma ba sa ɓoye wa juna. Komai suka ɗauko sai bakinsu ya zo ɗaya, ban da maganar sunan nan.

A shagon kwamfutar akwai wani Zulkifli, ɗan abokin babanta, wanda ya daɗe yana kewaye-kewaye ita kuwa tana kiransa yaya don ta rufe masa hanya. Shi ya tare Aminullahi wata rana ya ce ai Sharifa tsoro ne ya yi mata yawa, wane kamfani zai bar harkokinsa ya leƙo Birnin Kebbi? Ya yi masa rajistar adireshin, ya gina shafin, har ya ɗora tambarin kamfanin a sama wai don ya yi kyau. Ko taimako ya yi niyya, ko ya san inda abin zai kai, Allah ne masani. Ni dai ban shiga zuciyarsa ba.

Shafin ya karɓu. Oda ta riƙa zuwa daga Sakkwato, daga Kwantagora. Aminullahi ya riƙa tsokanarta yana tambayar ko masu motar sun ɓata hanya ne. Ita dai takan ce Allah ya sa albarka, kuma har zuciyarta take faɗi, sai dai hankalinta bai taɓa kwanciya ba.

Magabatan Aminullahi suka je Argungu. Mahaifinta, Malam Muhammad Sani, manomin shinkafa ne, mutum mara yawan magana mai gudun abin kunya. Ya bincika, ya ji yaron ba shi da abin faɗi, ya karɓi gaisuwa, aka tsayar da biki bayan girbi.

Shinkafa na fitar da kai saƙon lauyoyin kamfanin ya shigo daga Legas. Sun ce ya miƙa adireshin, ya cire tambarinsu daga shafin da allon shagonsa, in ba haka ba za su kai ƙorafi wajen masu kula da sunayen intanet, su kuma shigar da ƙara.

Mutum idan ya tsorata yakan fara da na kusa da shi. Aminullahi ya zauna kan tsohuwar taya ya rubuta saƙon da ya fi kowanne muni a rayuwarsa.

"Ke kaɗai kinka taɓa hwaɗin za a kai ni ƙara. Ga shi ta tabbata. Ki gaya mini gaskiya, ke kinka tura musu?"

Amsar ba ta daɗe ba.

"Da ina son a kai ka ƙara, da ni na gina maka shahin da hannuna. Sai an jima, Aminullahi."

Ba Injiniya, ba komai. Sharifa ta shiga ɗaki ta yi kukanta, don zargin ya yi mata zafi ƙwarai, ta fito ta wanke fuska ta koma aiki.

Zulkifli kuwa ya je gida Argungu ƙarshen mako, labarin ya bi shi. Kafin ya kai kunnen Malam ya riga ya yi ƙiba, an ce yaron ya saci sunan mutane yana cin kasuwa da shi, har kotu na nemansa. Malam ya aika wa magabatan Aminullahi cewa a dakata.

"Ba ni ba da ɗiyata ga mutumin da ka shari'a bisa abin da ba nashi ba," in ji shi. "Shi gama da su, sannan mu ji."

Ba a jima ba aka fara ganin mahaifin Zulkifli yana yawan zuwa gaisuwa gidan.

Aminullahi ya nufi ofishin Barista Hope, wata lauya 'yar Filato da yake gyara wa mota. Ta karanta saƙon lauyoyin, ta tambaye shi wa yake zargi. Da ya faɗa, ta cire tabarau ta dube shi. Ta ce irin waɗannan kamfanoni suna da ma'aikatan da ba su da aiki sai bin intanet suna neman inda aka sa sunansu, ba sa jiran kowa ya kai musu rahoto. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa ido.

Sannan ta shimfiɗa masa gaskiya. Zai iya tsayawa ya yi jayayya, ya kawo shaidu cewa da sunan nan aka san shi, aka san ubansa, kuma akwai waɗanda irin wannan hujja ta fisshe su. Amma shi kayan motar da kanta yake sayarwa, ga tambarinsu a shafinsa, ga kuma kayan da ba ƙirar kamfanin ba a cikin shagon. Shari'ar za ta ja, kuma ba ta yi masa alkawarin nasara ba. In kuwa ya saki sunan, magana ta ƙare.

Ya fito ya san abin da ke gabansa. In ya riƙe sunan, Malam ba zai yi ta jira ba. In ya sake shi, ji yake kamar ya sake binne mahaifinsa.

Haka ya faɗa wa mahaifiyarsa, Inna Riskuwa, da ya same ta tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ita mace ce ta da, tun da aka kai ta gidan ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, sai dai ta ce mai gidan nan. Ta saurare shi har ya gama, hannunta bai bar faifan ba. Ta ce lokacin da aka fara laƙaba wa babansa sunan har faɗa ya yi da direbobi a tasha, da ya ga ba sa bari sai ya haƙura.

"Bantera mota ta," ta ce. "Ni ba mota anka aura mini ba. Shina da sunan da ubanai yay yanka rago yar raɗa mishi. Ni kunya ta hana ni hwaɗinai. Kai mi ya hana ka?"

Sunan kuwa shi ne Tamba. Yana nan a takardunsa na makaranta, amma ya manta rabon da ya ji wani ya faɗe shi da baki.

Washegari da safe ya jingina tsani ya sauke allon shagon da kansa. Maƙwabta suka taru suna tambaya ko sayar da garejin ya yi. Ya je wajen Barista ya sa hannu, aka miƙa adireshin. Sannan ya ɗauki waya.

"Sharifata, na yi miki mummunan zato kuma ba ni da hujja, sai kunya. Kin hwaɗi gaskiya tun ranar hwarko. Na sauke allon, na ba su abinsu. In kin yahe mini, ina son ki gina mini shahi da hannunki. Sunanai Garejin Tamba."

Ta karanta ya fi a ƙirga. Ta bar shi ya kwana cikin zullumi, don ita ma tana da zuciya, sai da hantsi ta amsa.

"Na bincika, babu mai rajistar sunan ga. Naka na kai ɗaya. Na yahe, Injiniyana. Amma kada ka sake."

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Oda ta ja baya, masu neman Bantera a waya suka daina ganinsa, wasu suka koma wajen wasu. Sharifa ta rubuta a cikin sabon shafin cewa suna sayar da kayan Bantera da na sauran motoci, amma su ba wakilan kowane kamfani ba ne. Kasuwa ta riƙa dawowa a hankali, kamar mara lafiyar da ya fara shan kunu.

Ya hau mota zuwa Argungu, ya sami Malam a fadama yana duba shinkafar da ta fara ja. Ya durƙusa a kan kunyar gona ya gaishe shi, ya faɗi yadda aka yi tun daga farko, bai rage laifinsa ba, bai kuma ambaci Zulkifli ba. Malam ya tambaya ko kotu ce ta tilasta shi. Ya ce a'a, an ce masa zai iya jayayya, shi ne ya ga abin ba nasa ba ne. Malam ya murza zangarniya a tafinsa ya daɗe yana dubawa.

"Tau, yanzu in an tambaye ni wa ni ba ɗiyata, mi za ni cewa?"

"Aminullahi ɗan Tamba, Baba."

"Ka ce ma manyanka su taho."

An ɗaura auren bayan girbi a ƙofar gidan Malam. 'Yan tasha da makanikai suka cika motoci daga Birnin Kebbi. Zulkifli ma ya zo, ya ci shinkafa da kifi har da ƙari. Da liman ya shafa fatiha, mai sanarwa ya ɗaga murya ya ce an ɗaura auren Aminullahi Tamba da Sharifa Muhammad Sani. Matasan makanikai suka dubi juna, wani har yana tambaya ko gidan suka ɓata. Sai wani tsohon direba, Hodi, wanda suka yi yaran mota tare da marigayin, ya cire hula ya share ido.

"Tamba," ya ce. "Allah shi jiƙan Tamba."

Dattawan da ke kusa suka amsa da amin, amin ɗin ta bi layi har ƙarshen rumfa.

Da aka kawo amarya Birnin Kebbi, aka kai ta ɗakin Inna Riskuwa ta gaishe ta. Aminullahi ya durƙusa gefe ya kunna mata bidiyon ɗaurin auren a waya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce a sake sa mata. Da aka zo wajen sunan, leɓɓanta suka motsa tare da na mai sanarwar, amma sauti bai fita ba. Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba.

Ta jawo Sharifa ta ɗora hannu a kanta, ta ɗora ɗayan a kan ɗanta.

"Kin mai da mini shi gida, ɗiyata," ta ce. "Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zaman lahiya, shi ba ku zuri'ar da za ta san sunan kakanta."

Suka ce amin.