Awon da Ya Daina Rawa

Ranar Litinin da safe aka dawo wa wata masana'anta a garin Mielec da akwatin kusoshin fiffiken jirgin sama. Arba'in daga cikinsu sun yi kauri fiye da ƙima, alhali takardar awo ta ce lafiyarsu ƙalau. Wani ya shigar da ƙarya ke nan. Manaja ya ba Halina Drozd, shugabar sashen inganci, kwana biyu ta gano shi, in ba haka ba zai kori Renata, mai awon yamma, domin lambobinta ne ke hawa da sauka a jadawali kamar na mai zazzaɓi.

Halina ta fara da Bogdan mai injin yanka. Ya amsa cewa bakin injinsa ya cinye, amma shi ko lambar sirrin shiga kwamfutar awo ba shi da ita. Renata kuwa ta sake auna kusoshi goma a gabanta, lambobin suka fito daidai da na Halina.

Saura mai awon safe, Pan Tadeusz, wato Malam Tadeusz, dattijon da ya koya wa Halina aikin. Ta daɗe tana kallon jadawalinsa, ranta ba daɗi. Tun watan Maris ɗigon awonsa ke kwance a kan layin tsakiya, ba hawa ba sauka.

Ta same shi yana shan shayi, ta miƙa masa ma'auni.

"Pan Tadeusz, karanta mini wannan."

"Yau kuma ɗaliba ce ke yi wa malami jarrabawa?"

Ya kai shi kusa da ido, ya nesanta shi, sannan ya ajiye.

A hankali ta ce, "Kai ka koya mini cewa ƙarfe ba ya maimaita kansa. Awon gaskiya rawa yake yi. Naka ya daina."

Ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani. Da yatsa yake shafa kusa, ya rubuta lambar da ya saba gani. Tsoron zaman gida ne ya hana shi faɗa.

Ya miƙe, ya gyara rigarsa. "Kada a taɓa Renata. Kuma duk abin da na sa wa hannu tun Maris a dawo da shi, Halina, mutane ne ke hawa jiragen nan."

A matattakalar ofishin manaja ya tsaya yana laluben bango. Ta riƙe masa hannu, suka hau tare.