Turare Shida a Gidan Madam Ooi

Sau goma sha ɗaya jiniyar tsaro ta gidan Madam Ooi ta tayar da unguwa cikin wata biyu. Sau goma sha ɗaya Sufeto Hamdan ya tura mota ta ratsa garin Ipoh, a je a tarar kyanwa ce, ko tsaka, ko labule da iska ta kaɗa. Ran da aka yi satar gaske kuwa, Laraba da rana tsaka, jiniyar nan ta yi tsit kamar an toshe mata baki.

Awarwaron koren dutse aka ɗauka, gadon uwar mijin Madam, lokacin da Madam ɗin ta tafi ganin likita. Aka kama Sumiati, 'yar aikin gidan, 'yar ci-rani mai 'ya'ya uku a ƙasarsu. Kwananta biyu a sel ɗin 'yan sanda. In aka kai ta kotu, kurkuku ne, daga nan a kore ta daga ƙasar.

"Ita ce," in ji Madam Ooi, da Sufeto ya zo gidan bincike. "Wa ya san lambar kashe jiniyar?"

"Ke za ki gaya min, Anti."

"Ni, da ɗana Kok Wai, da 'yata Mei Fong, sai ita."

"Mutum huɗu ke nan."

"Biyu ni na haife su, ɗaya ni ce. Saura nawa?"

Sufeto ya shafa goshi, ya juya wajen Kok Wai, wanda shi ya jajibo na'urorin tsaron gidan ya maƙala a kowane lungu.

"Ina kake ran Laraba?"

"Shago, ranka ya daɗe."

"Na je. Maƙwabcinka ya ce ba ka buɗe ba."

Kok Wai ya saci kallon uwarsa. "Coci na je gyaran lasifika. Mama ba ta son jin zancen."

"Shekara goma bai kunna wa marigayi ubansa turaren tsinke ba," in ji tsohuwa. "Ina ƙirgawa."

"Kai da kayanka kun hana ni sakat wata biyu," in ji Sufeto. "Ran da ake neman su, shiru."

"Jiniyar aka kashe, yallaɓai. Na'urorin jin motsi ba sa barci, su ke kunna fitila da fanka. Komai yana rubuce a wayata."

"Kwana biyu mace na sel, kana yawo da wannan a aljihu?"

"Ba wanda ya tambaye ni."

Sufeto ya fizge wayar. Ran Laraba, ƙarfe biyu da minti biyar, motsi a ƙofa. Biyu da minti shida, motsi a kusurwar falo, har minti uku, fankar zuƙe hayaƙi ta tashi. Daga nan sai ɗakin Madam a sama.

Ya taka zuwa kusurwar. Jan tebur ne, ga hoton marigayi mijin Madam, ga lemo, ga kaskon toka.

"Anti, tsinken turare nawa kike kunnawa?"

"Uku. Kullum da safe sai in cire na jiya."

"Tun Laraba fa?"

"Ban matso ba. Da wane ido zan tsaya gabansa, awarwaron uwarsa ya ɓata?"

Ya sunkuya ya ƙirga guntayen turaren da ke tsaye cikin tokar. Shida.

"Sumiati na taɓa teburin nan?"

"Musulma ce irinka. Ko ƙura ba ta share masa."

Sufeto ya miƙe tsaye. Tsohuwa ta dubi kaskon, ta dubi ɗanta mai zuwa coci, sai ta nemi kujera ta zauna.

Da la'asar Mei Fong ta iso daga shagonta na ɗinki.

"Yaushe rabonki da gidan nan?" Sufeto ya tambaye ta.

"Tun Lahadi."

"Ɓarawo ya shigo, yana sauri, amma ya tsaya minti uku ya kunna wa mahaifinku turare. Sumiati ba ta yi, ƙanenki ya daina, Anti tana wajen likita. Wa ya rage?"

"Yaya, ba ke ba ce, ko?" in ji Kok Wai.

"Rufe min baki." Ta juya ga uwarta. "Shekara tara ina juya Baba a gado, ina masa wanka. Shi da bakinsa ya ce awarwaron nawa ne. Ke kuma kika ce na matar Kok Wai ne, wai 'ya mace ta gidan wasu ce. Ran Laraba na shigo, na ce ba zan tsaya ba. Na kasa wuce hoton Baba ban gaishe shi ba."

Ta zaro awarwaron daga jaka ta ajiye gaban hoton.

"Sufeto, na janye ƙara," in ji Madam Ooi. "Maganar gida ce."

"Da ta gida ce, Anti, kafin 'yarki ta sa hannu a takarda cewa ta ga Sumiati tana laluben akwatinki. Wannan ba ke za ki janye ba."

Ya buga waya ya ce a fito da Sumiati, a ba ta abinci mai zafi.

Mei Fong ta nufi ƙofa, Sufeto na bayanta. Kok Wai ya rikice yana latsa waya, sai ya kunna abin da bai yi niyya ba. Suna taka bakin ƙofa jiniya ta ɓarke da ihu.

"Sha biyu," in ji Sufeto Hamdan, ya buɗe mata mota.