Ranar da Aka Juya Falon Umma

"Wallahi idan ka sake cewa a matsar da kujerar nan, zama zan yi a ƙasa in yi ta kuka!"

Auta ce ke wannan faɗan, ta riƙe ƙugu, zufa ta jiƙa mata ɗankwali. Injiniya, wanda saura sati uku a ɗaura musu aure, ya saki ƙafar doguwar kujerar yana dariya.

"Haba 'yar lele, ni na ce? Dillali ne ya ce falon ya cika da kaya, masu saye ba za su ga faɗinsa ba."

"To shi dillalin ya zo ya ɗauka mana!"

Tun safe suke abu ɗaya. Teburin tsakiya ya koma bakin hanya, kabad ɗin tangaran ya koma bayan ƙofa, hotunan marigayi Abba an sauke su an jera a kwali. Ƙarfe huɗu dillali zai kawo masu ganin gida, ga shi biyu ta gota. Auta ta kasa zaune ta kasa tsaye. In ta gyara labule sai ta ga kafet ya karkace, in ta ja kafet sai ta tuna ba ta goge taga ba.

Ba son ranta ba ne sayar da gidan. Wurin aikin Injiniya ne suka yi masa canji zuwa wani gari mai nisa, ita kuwa ita kaɗai ta rage wa Umma, ta kuma rantse ba za ta tafi ta bar ta ba. Sai aka yanke a sayar, a saya wa Umma ƙarami kusa da su. Umma dai cewa ta yi, "Duk yadda kuka yi daidai ne," ta shige ɗaki da carbinta.

Ƙofar ɗakin Umma ta buɗe.

"Auta, kin ba wa yaron nan ruwa kuwa, ko aiki kawai kike ta ɗora masa?"

Umma ta taho kai tsaye, irin tafiyarta ta kullum. Sai ji kake ƙwas! Ƙaurinta ya bugi teburin. Ta cije leɓe, ta miƙa hannu inda bayan kujerarta yake shekara da shekaru, hannun ya kama iska. Ta sake lalubawa. Injiniya na tsaye dab da ita, amma ko kallon inda yake ba ta yi ba.

"Auta... wa ya fitar min da kujera?"

Kujerar tana nan, taku biyu a damanta, rana ta haske ta tar.

Tsumman goge-gogen ya suɓuce daga hannun Auta. "Umma... ba kya ganin ta?"

Umma ta sauke hannunta.

"Umma, don Allah! Yatsu nawa na ɗaga?"

"Ke, rabu da ni da wasan yara." Muryar ce ta karye. Injiniya ya kama hannun Umma a hankali ya zaunar da ita.

"Tun yaushe, Umma?" ya tambaya.

"Bayan rasuwar Abbansu ya fara dishi-dishi. Wata biyar ke nan ba na gane fuska. Maƙwabciyarmu ta raka ni asibiti, likita ya ce jijiyar idon ce, ba ta dawowa." Ta murza carbin. "A gidan nan ai ba na buƙatar ido. Taku bakwai daga ɗakina zuwa kujera, huɗu zuwa kicin."

"Shi ne kika ɓoye min? Ni?"

"Na san halinki, Auta. Da kin sani, da tuni kin fasa auren nan."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Auta. Wata biyar tana gida ɗaya da uwarta! Ta ga ta ajiye ɗinki, ta ga ta daina yaba mata sabon kaya, duk ta ɗauka kewar Abba ce. Kanta na can wajen lissafin biki.

Ta fice baranda da gudu, Injiniya ya bi ta.

"Ba zan iya ba," ta ce tana shessheƙa. "Ka ga abin da tebur ɗaya ya yi mata. Ina ga sabon gida, a garin da ba ta san kowa ba? Ba zan fitar da ita ba, ba kuma zan bar ta ba. Ka tafi kawai... Allah ya haɗa ka da wadda ta fi ni."

"Kin gama?"

"Ina son ka, wallahi ina son ka, amma..."

Wayarsa ta yi ƙara. Ya dubi sunan mai kiran, ya dubi Auta. Sannan ya ɗauka.

"Malam dillali, ka ba su haƙuri. An fasa... E, gaba ɗaya. Mun gode da wahala."

Ya mayar da wayar aljihu. "Gobe zan je in roƙi ofis su bar ni a nan. In sun ƙi, duk ƙarshen mako ina kan hanya. Gidan nan za mu zauna tare da Umma. Share hawayen, muna da aiki."

"Mutane za su ce a gidan surukai ka tare..."

"Su ce. Su ne za su ɗaukar min kujera?"

Suka koma falo. Ya kama gefe, ta kama gefe, hancinta na ta zuba. Umma ta kasa kunne tana jin ƙarar jan kaya.

"Me kuma kuke yi?"

"Mayarwa muke yi, Umma," in ji Injiniya. "Sai dai mun manta yadda suke, ke za ki nuna mana."

Umma ta miƙe, ta dafa bango, ta shafa hannun kujerar. "Ba nan ba ne. Matsa da ita hagu kamar taƙi ɗaya. Masu sayen fa?"

"Ba za su zo ba." Ya durƙusa a gabanta, ya sunkuyar da kai. "Umma, in kin amince, wane ɗaki za ki ba mu?"

Ta laluba har ta sami kansa, ta ɗora tafinta a kai. Bakinta na motsi, amma kuka ya hana addu'ar fitowa.