Matar Mai Barci a Dutsen Sarki

"Sakar min hannu, Tudwal! Idan wata ta hango mu fa?"

"Ta hango mana! Sata na yi?"

Na fizge hannuna har ruwan tulun ya fantsamar min a riga. A bakin rafi muke, yayyafin safe na sauka, tumakin surukata sun watsu a gangare ba mai kula da su. Shi kuwa ya tsaya ƙiƙam a gabana da tabon takobin nan da ya raba masa gira, yana kallona kamar yau ya fara ganina.

"Eurgain, jirgin da zai haye teku zuwa ƙasar Llydaw yana bakin gaɓa. Da iska ta juya za su tashi. Maharan nan Sasanawa sun ƙone garuruwan gabas, saura mu. Na kama mana wuri, ni da ke..."

"Ni da wa? Ka manta ni matar aure ce?"

"Matar wa? Da hannuna na rufe Idnerth! Da hannun nan, Eurgain! Sau nawa zan faɗa miki?"

"Yi shiru, don Allah... yi shiru."

Ya faɗa min, gaskiya ne, kuma na yarda da shi tun ranar farko. Tare da mijina Idnerth suka bi Sarki yaƙinsa na ƙarshe. Tudwal ya dawo yana jan ƙafa, mijina bai dawo ba. Sai dai kafin Tudwal ya iso, wani mawaƙi mai molo ya riga shi. Ya zauna a dandali ya rera cewa Sarki bai mutu ba, rauni kawai ya ji, ya shige cikin dutsen da ke bayan garinmu shi da mayaƙansa suna barci, ranar da ƙasa ta shiga matsi za su farka su kora Sasanawa har teku.

Mutanenmu suka cafe zancen kamar mayunwaci ya ga gurasa. A wurinmu mace ba ta zama bazawara sai uwar mamaci ko matarsa ta yi masa kukan mutuwa a bainar jama'a. Dattawa suka ce duk wanda aka yi wa kukan nan ya mutu ke nan a cikin dutsen, Sarki zai farka da giɓi a rundunarsa. To wace ce za ta fara? Shi ke nan muka zama matan masu barci, shekara na bin shekara, ba miji ba takaba. Waɗanda suka dawo kuwa, irin su Tudwal, aka laƙaba musu "waɗanda dutse ya ƙi". Ko rantsuwa suka yi ba mai saurare.

"Gobe ce ranar hawan dutse kai wa masu barci abinci," ya ce da muryar da ta yi ƙasa. "Ki yi kukan, hasken idona. Kuka ɗaya tak, ki zama tawa a gaban Allah da mutane."

"Ka san abin da kake roƙona kuwa? In kashe wa Inna ɗanta a gaban idonta!"

"Ni kuma ki kashe ni a bayan idonta?"

Na kawar da kai. Ina son mutumin nan, ciwon ke nan. Shi ya gyara mana jinkar ɗaki lokacin da iska ta kwashe ta, shi ya ciro min tunkiya daga taɓo, bai taɓa neman ko sannu ba. Ban san ranar da zuciyata ta koma wurinsa ba, na dai wayi gari na same ta can.

"Ba zan tafi da ke a matsayin matar wani ba," ya ce. "Ba kuma zan iya zama ina kallonki kina tsufa a bakin kogo ba. Zaɓi na wurinki, masoyiyata."

Na saɓi tuluna na wuce, hawaye na haɗuwa da yayyafi.

A gida na tarar da Inna Marchell tana murza ƙullun sha'ir. Ni marainiya ce, ita ta ɗauke ni tun ina tatata, ta raine ni, sannan ta haɗa ni da ɗanta ɗaya tilo. Ban san wata uwa ba sai ita.

"Rafin ne ya ƙara nisa, ko tulun ne ya koyi hira?"

"Santsi ake yi, Inna."

"Santsi mai ɗingishi ko?" Ta harare ni. "Wannan da dutse ya ƙi, kada in ƙara ganin inuwarsa kusa da taki. Zo ki taɓa mayafin nan ki ji. Na gama saƙarsa jiya. Kin san mijinki da jin sanyi, kuma cikin dutse ba rana."

Na taɓa. Gashin tunkiyarmu mafi laushi ta zaɓa, idanunta da ba su gani sosai ta ƙarar a kansa.

"Inna... idan fa bai farka ba?"

"Tofar da yawu! Maza tofar!" Ta kama haɓata da hannunta mai gari. "Haba 'yar nan, ke ma? Ai ke ce ƙarfina. Duk safiya idan na ji motsinki a tsakar gida sai in ce, ga matar Idnerth nan, ashe yana nan."

Na tofar. Me zan yi?

Washegari da hantsi muka hau dutsen, mata zalla, kowace da gurasa da cuku da ƙaramin tulun giyar zuma. Maza suka tsaya a gindin dutse. Can gefe, nesa da kowa, na hango Tudwal jingine da bishiya. Na rantse har muka kai bakin kogon ban yanke shawarar komai ba, ƙafafuna ne kawai ke tafiya.

Aka fara kira kamar yadda aka saba. Mace ta durƙusa, ta ajiye abincinta, ta leƙa cikin duhun ta ce, "Wane, ga abincinka. Ka yi barci lafiya, matarka na jira." Wata ta ƙara da labarin ɗansu ya fara kiwo. Wata ta yi wa nata tsiya, wai ko a gida ma da ƙyar ake tashinsa, aka yi dariya.

Da aka zo kanmu Inna ta riga ni durƙusawa. Mayafin bara yana nan inda ta bar shi, ruwa ya ruɓar da shi, ɓeraye sun cinye rabi. Ta ɗaga shi ta nuna min tana murmushi.

"Kin gani? Ya mora shi sosai, har ya yage."

Ta shimfiɗa sabon a kai, ta lallaɓe gefensa.

A nan wani abu ya tsinke a ƙirjina. Ba Tudwal na tuna ba. Idnerth na tuna, yadda yake ɓoye min zuma a hannun riga, yadda ya waiwayo yana dariya ranar da za su tafi. Yana can kwance a wani fili da ban sani ba, ƙasa ta cinye shi, ba mayafi, kuma duk duniya ba wanda ya taɓa zubar masa da hawaye ko ɗigo. Muna ta ciyar da ɓeraye da sunansa.

"Kira shi mana," Inna ta taɓa ni.

Na buɗe baki in kira. Abin da ya fito daban.

"Wayyo Idnerth! Wayyo mijina, ka tafi ka bar ni! Ƙasa ta rufe ka, ba ka dawowa! Wayyo ni kaina!"

Kukan ya doki kogon ya dawo, har na ƙasa sun ji.

"Ta kashe shi!"

"La'ananniya! Ta rage wa Sarki mutum!"

Wata ta jefe ni da hoge, wata ta toshe kunnuwanta tana kiran sunan nata mijin da ƙarfi don kada kukana ya shafe shi. Sai marin Inna ya sauka a kuncina. Tun da nake ba ta taɓa ɗaga min hannu ba. Ta tsaya tana kallon tafin hannunta, sannan ta juya ta gangara ita kaɗai.

Kafin la'asar dattawa sun yanke hukunci: kuka ya tabbata, ni bazawara ce, amma kada rana ta sake fito min a garin. Tudwal ya tsaya a bakin hanya yana jirana. Ni kuwa na je gida na tarar da kayana a ƙulle a ƙofa, da gurasa mai ɗumi a kai. Inna na zaune a kan kututture, ta ba ni baya.

Na zube a gabanta na riƙe ƙafafunta.

"Inna, ki yafe min... Ki taso mu tafi tare, don girman Allah! Tudwal zai riƙe ki kamar uwarsa. Sasanawa na tafe, wa zai ɗebo miki ruwa?"

"Ya farka ya tarar da gida ba kowa?"

"Inna, ba zai..."

"Kul!" Ta ɗaga yatsa. "Dattawa su faɗi abin da suka ga dama. Ni na haife shi, ni ban yi masa kuka ba, saboda haka ɗana yana nan."

Sannan ta ɗora hannu a kaina tana shafa gashina yadda take yi ina ƙarama.

"Abu ɗaya ke damuna tun ɗazu. Da ya buɗe ido ke zai fara tambaya, na san halinsa. Me zan ce masa?"

Na kifa fuskata a gwiwarta ina shessheƙa.

"Ba zan ce kin bi wani ba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Zan ce masa kin mutu. Gara ya yi kukanki da ya tsane ki." Ta janye ƙafafunta daga hannuna. "Tashi ki tafi, 'yata. Dare na yi."

Tudwal ya karɓi ƙullin kayan, ya riƙe hannuna, muka kama hanya. Mun kai kwanar rafi ke nan muryarta ta taso daga ƙofar gida, tsohuwar murya mai karkarwa, ta ratsa garin gaba ɗaya.

"Wayyo Eurgain! Wayyo 'yata, kin tafi kin bar ni! Wa zai rufe min ido? Wayyo ni kaina!"

Na juya zan koma da gudu, Tudwal ya rungume ni gam yana hawaye. A wurinmu wanda aka yi wa kukan nan ba ya sake taka gari. Na tsaya a kan hanya da raina da lafiyata, ina jin uwata tana binne ni.