Katin Da Ya Ƙi Sabuwar Kwamfuta

A ƙofar wani gidan biki a Kabo Badi'a ta fara ganinsa, yana tsaye da kyamara a kafaɗa ya rasa abin yi. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a maza suka daina shiga wajen kamu, ga shi uwar amarya ta dage sai an ɗauki bikin 'yarta.

Gwaggo Asta, ƙanwar baban Badi'a, wadda suka zo bikin tare daga garinsu Masanawa, ita ta jawo ta waje.

"Ga wannan. Hannunta ba ya rawa, ita ta zana wa amarya lalle."

Badi'a ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Saurayin ya ce sunansa Mudassir, yana da shagon bidiyo a Gwarzo. Ya nuna mata jan maɓalli.

"In kin danna ta fara, in kin sake dannawa ta tsaya."

"In na ɓata fa?"

"Mai zana fure a tafin hannu ba za ta ɓata ba."

Da ta shiga sai matan suka hau jawo gyale. Badi'a da ba ta iya magana a taro ta ɗaga murya ta yi musu alkawari: ba namijin da zai ga kaset ɗin nan. Mudassir ya ce da zane zai rufe allon kwamfuta har ya gama juye shi a faifai. Da aka tashi, ta naɗe kaset ɗin a hankici, ta ƙulle shi da zaren saƙa, ta miƙa masa.

Kwana uku tsakani saƙo ya shigo wayar Gwaggo.

"Gwaggo a gaida mai kyamarata. A gaya mata tun ranar nan babur ɗina hanyar Masanawa kawai yake son bi."

Gwaggo ta karanta da ƙarfi a tsakar gida, Badi'a ta gudu ɗaki. Sai da rana ta yi sanyi ta ari wayar ta rubuta, harafi ɗaya-ɗaya:

"Hanyar ba ƙaya."

Ya zo zance sau biyu. A na biyun ya kira ta sanyin idonsa, ita kuwa ta yi ta tonon ƙasa da ɗan yatsan ƙafa.

Babanta, Malam Abdulmumini, bai so ba. A wajensa mai bidiyo da ɗan fim duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ya fi karkata ga Lukuman mai awon hatsi, wanda ya daɗe yana aiko da gaisuwa.

A Gwarzo kuwa aiki ya tsaya. Mudassir yana da wani kati da ake sokawa a cikin kwamfuta, shi ne yake karɓo hoto daga kaset. Ya sa shi a sabuwar kwamfutar da ya daɗe yana tara kuɗi kafin ya saya, ya gwada da kaset ɗin ɗaurin aure na maza. Hoto ya yi ta tsalle, murya ta riga baki, can sai komai ya ƙame. Ya cire ya mayar, ya sauya rami, duk a banza. Ya sa katin a kwali ya hau motar Kano.

Lukuman ya gan shi a tasha. Kafin la'asar magana ta zaga Masanawa da Kabo: mai bidiyo ya kai kaset ɗin mata birni, maza suna can suna kallo. Uwar amarya ta aiko da magana mai zafi. Badi'a ta ƙi cin abinci, ta rubuta masa:

"Ni na yi musu alkawari da bakina. Ka gaya min gaskiya."

Amsa ba ta zo ba, don wayarsa ba caji. Shi da kansa ya zo washegari, ya durƙusa a zauren Malam, ya ajiye ƙullin hankici a tabarma.

"Baba, kati na kai Kano, ban kai kaset ba. Mai gyara ya ce katin tsohon yayi ne, ba ya shiri da cikin sabuwar kwamfuta. Wai ko in sayi wani, ga yadda kaya suka yi tsada, ko in kawo musu kaset su juye min. Na ce a'a."

Aka kira Badi'a ta duba ƙullin. Nata ne, ba a kwance ba.

Malam ya dube shi ya ce:

"Ba zan yi wa 'yata dole ba, amma ba zan ba da ita ga wanda sana'arsa ke jawo wa mata magana ba. Ka kai wa mutanen nan faifansu kafin Juma'a, ba tare da idon namiji ya gani ba. In ka kasa, kada ka ƙara zuwa."

Ranar Laraba Gwaggo ta raka Badi'a Gwarzo. A lungun shagon akwai wata tsohuwar kwamfuta, an ɗora mata buta da tulin jaridu.

"Wannan fa?" Badi'a ta tambaya a hankali.

"Tsohuwa ce, ba ta da sauri. Na daina kunna ta."

"Yaya, Inna tana da allurar keke da ba ta shiga sabon keken ɗinki, sai tsohon. Tun da katin tsoho ne, ka haɗa shi da sa'arsa."

Gwaggo ta tuntsire da dariya. "Ka ji mai firamare tana koyar da injiniya."

Mudassir bai yi musu ba. Ya sauke buta, ya kakkaɓe ƙura, ya soka katin. Da ya gwada kaset ɗin maza, hoto ya zauna daram, liman yana addu'a murya na bin baki.

Ya nuna wa Badi'a inda za ta danna, ya fita ya zauna a benci ya ba wa ƙofa baya. Gwaggo ta saki labule. Badi'a ta kwance zarenta.

"Sanyin idona, yana tsalle?"

"Ba ya tsalle."

"Ni kuwa zuciyata tana yi."

"Ka yi shiru, Gwaggo tana ji."

"Na ji kuma na shaida," in ji Gwaggo.

Ranar Alhamis Badi'a ta kai faifan da hannunta. Mata suka rufe ƙofa suka kalla har sau uku. Uwar amarya ta zo Masanawa da kanta ta ba Malam haƙuri, ta ce duk bikin da za a yi a danginsu, Badi'a ce mai ɗauka. Lukuman bai ƙara aiko da gaisuwa ba.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Kafin a tafi da amarya, Malam ya kira su biyun zaure.

"Mudassir, na yi maka kallon da bai dace ba, ka yafe ni. Ga amana na ba ka, na san ka iya riƙo. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai tsoronsa."

Badi'a tana kuka a cikin mayafi, amma amin ɗinta ya fi na kowa fitowa.